James Garfield, ɗan majalisar jaha da yaƙi ya maida janar

A Nijar an fi sabawa da soja ya baro bariki ya karɓi mulki, tun daga Seyni Kountché a 1974. A Amurka ta ƙarni na 19 kuwa, ɗan siyasa ne kan bar kujerarsa ya sanya kaki. Haka ta faru da James Garfield.

An haife shi a 1831 a jahar Ohio, cikin gidan talakawa. Ya yi aikin koyarwa har ya shugabanci wata makaranta a garin Hiram. A 1859 aka zaɓe shi a majalisar dattawan jahar, domin a Amurka kowace jaha tana da gwamna da majalisar dokokinta, kamar yadda mutanen Mallawa da Dungass suka sani a Jigawa, ƙetaren iyaka.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Afrilun 1861 tsakanin Arewa da jahohin Kudu masu riƙe da bayi, sojojin ƙasar duka ba su wuce kimanin 16.000 ba. Dole aka nemi ƴan sa-kai, kuma gwamnoni ne ke naɗa hafsoshinsu. Wanda ke da jama'a shi ake ba muƙami, ko bai taɓa riƙe bindiga ba. Garfield ya tara rundunar Ohio ta 42, cikinta har da tsofaffin ɗalibansa, ya zama kanal.

Wannan tsari ya jawo asarar rayuka a hannun wasu hafsoshin da ba su san aiki ba. Garfield dai ya ci nasara a Middle Creek, jahar Kentucky, a watan Janairun 1862, aka ɗaga shi zuwa janar. Ya kuma halarci gumurzun Chickamauga a watan Satumban 1863.

Yana cikin aikin soja aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai ta ƙasa. Kundin tsarin mulki ya hana mutum haɗa muƙamin soja da kujerar majalisa, don haka a watan Disamban 1863 ya tuɓe kaki, yaƙi bai ma ƙare ba.

Ta hanyar ƙuri'a ya zama shugaban ƙasa a watan Maris na 1881. Ranar 2 ga Yuli wani mai neman muƙami, Charles Guiteau, ya harbe shi, ya rasu ranar 19 ga Satumba. Kisan ya sa a 1883 aka kafa dokar ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa.