Yaron da ya san amsa amma ya yi shiru

A cikin Sahihul Buhari akwai labarin ranar da Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbansa: wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda misalinta kamar na Musulmi ne? Manyan sahabbai suka shiga lissafa itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar (RA), wanda shi ne ƙaraminsu a wurin, ya ji a ransa cewa dabino ce, amma kunya ta hana shi magana har sai da Annabi ya ba da amsar da kansa. Da ya faɗa wa mahaifinsa, Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya yi magana, da hakan ya fi masa daɗi fiye da abubuwa masu yawa.

Imamu Buhari ya kawo wannan hadisi a Littafin Ilimi, a babin malami ya jefa wa ɗalibansa tambaya don gwada fahimtarsu.

A yawancin makarantun Islamiyyarmu a yau, malami ke biyawa, yara su maimaita da ƙarfi, wanda ya kuskure ya sha bulala. Hadda ginshiƙi ce, ba a rena ta. Da ita aka kiyaye Alƙur'ani a zukata. Matsalar ita ce idan ta zama ita kaɗai, sai a tashi da ɗalibin da ya haddace Ahalari amma ya rasa abin yi ranar da ya mance sujada a sallarsa.

Magabatanmu sun san wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara darussan addini cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde, jajinta na 'Yan Taru suka kai su ga matan ƙauyuka.

Malamin yau ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya bi wannan hanya. Ya fara darasin tsarki da kacici-kacici. Ya sa yara su zana hanyar hijira daga Makka zuwa Madina a allo. Bayan ƙissar Annabi Yusuf (AS), ya tambaye su abin da 'yan'uwansa ya kamata su yi maimakon jefa shi rijiya. Idan yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, a gyara masa cikin tausasawa, kada a bari 'yan aji su yi masa dariya.

A kowane aji akwai irin Abdullahi ɗan Umar, yana zaune a baya da amsa a ransa. Malamin da ya kira sunansa ya jira shi ya yi magana, ya raya sunnar koyarwa. Allah Ya sa mu dace.