Baƙo Raɓa Ne: Nasiha Ga Masu Wuce Wa'adin Biza A Ƙasar Makka

 

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wata tsohuwa ta zo zauren makarantata bayan la'asar, da waya a hannunta, ta ce in saurari muryar ɗanta. Yaron nan a hannuna ya yi sauka. Da 'yan bindiga suka hana noma a ƙauyensu, sai ya sayar da shanun huɗa da gonarsa ta gado, ya kai wa wani dillalin tafiya kuɗin, aka yi masa bizar Umra, da nufin in ya gama ibada ya sulale ya nemi aiki. Ya shekara biyu yana ɓoyo, ga shi yau an kama shi, yana tsare. Tsohuwa ta ce, "Malam, ko akwai addu'ar da za ta fito da shi?" Na ce mata addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, za mu kuwa yi. Amma na ga wajibi ne in bayyana wa jama'a yadda al'amarin nan ya ke, don na san ba ɗanta kaɗai ba ne.

Ku sani, ya 'yan'uwa, ruɗun da ke cikin zukatan mutanenmu yana da asali. Kakanninmu sun tafi Makka ba wanda ya yanka musu ranar komowa. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kaura a 1929, har bayan isowarsa ma, maniyyaci ya kan bi ta Barno, ya ratsa ƙasar Cadi da Darfur, ya yi noma a Sudan damina biyu ko uku don ya sami guzuri, sa'an nan ya ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin. Waɗansu ba su komo ba har abada. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, garin da suka kafa a Sudan har yau da sunansa a ke kiransa. Waɗanda suka zauna Hijaz kuwa su ne Larabawa ke ce wa Takari, watau mutanen Takruru. Sabo da haka mutum ya kan ce a ransa, "Abin da kakana ya yi, don me ni ba zan yi ba?" To, wancan zamani ya shuɗe, hanyar da suka bi an rufe ta da takarda.

Ita biza izinin shiga ce mai wa'adi, ba izinin zama ko na aiki ba. Ranar da ka sauka Jidda ko Madina za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, a shigar cikin kwamfuta, daga ranar nan lissafi ya fara. Tun 2022 aka ƙara zaman mai Umra daga kwana 30 zuwa kwana 90. Amma fa akwai wani wa'adi na biyu wanda mutane ke gafala da shi, shi ne ranar da a ke sallamar dukan masu Umra don shirin hajji. A 2025 ranar nan ta kama 1 ga Zulƙida 1446, daidai da 29 ga Afrilu. Wanda ya shiga a ƙarshen azumi, ko da kwana 90 ɗinsa ba su cika ba, ranar nan ta yanke masa.

Yanzu ga abin da ke biyo bayan wuce wa'adi. Na farko tara da ɗauri. Ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya ta yi shela a 2025 cewa wanda ya ƙi fita bayan bizarsa ta ƙare, ana iya cinsa tara har riyal 50,000, a ɗaure shi har wata 6, sa'an nan a kore shi. Riyal 50,000 ya haura dalar Amurka 13,000, mai karatu ya ƙiyasta da kansa shanu nawa ke nan a kasuwar Shinkafi. Kamfanin da ya kai shi kuma, in bai ba da rahoton ɓacewarsa ba, ana iya cinsa har riyal 100,000. Wanda ya ba shi masauki ko aiki shi ma bai tsira ba. Ka ga mai ɓoyo ba kansa kaɗai ya jefa cikin wahala ba, har da ɗan'uwan da ya ji kunyarsa ya buɗe masa ƙofa.

Na biyu, irin zaman da zai yi kafin a kama shi. Ba shi da igama, watau takardar zama, sabo da haka ba ya iya kama hayar ɗaki da sunansa, zuwa asibiti ya zama masa abin tsoro, in wanda ya yi wa aiki ya hana shi ladansa ba inda zai kai ƙara. Matan da ke aikatau cikin gidaje su suka fi kowa shan wannan. 'Ya'yan da aka haifa cikin wannan hali su kan tashi ba takardar haihuwa, ba makarantar hukuma, ba su nan ba su can. Unguwannin Jidda da a da su ke rufa wa baƙi asiri, irin su Karantina da Gulail da Sabil, hukuma ta rushe su daga ƙarshen 2021 zuwa 2022.

Na uku, kamu da kora. Wanda aka kama a yankin Makka da Jidda, Shumaisi a ke kai shi, babban gidan tsaro da ke tsakanin biranen nan biyu, wanda mutanenmu ke ce wa Tarhil. Nan zai zauna har a gama bincikensa a sama masa jirgi. A Janairu 2021 sai da gwamnatin Nijeriya ta aika jirage aka kwaso ɗaruruwan mutanenmu zuwa Abuja, bayan sun daɗe a tsare. Wanda aka kora kuma a kan rufe masa ƙofar komawa shekaru, canza suna ko sabon fasfo ba zai fisshe shi ba, don yatsa ba ya canzawa.

Na huɗu shi ya fi duka ciwo. Da yawa suna ɓoyo ne don su riski hajji da arha. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, ministan lafiya na Saudiyya ya ba da sanarwar mutuwar alhazai 1,301, ya ce kashi 83 cikin 100 marasa izini ne, waɗanda suka yi doguwar tafiya cikin rana ba tanti ba mota. A 2025 aka sa tarar hajji ba izini har riyal 20,000, tare da kora da hana shiga shekara 10.

To, ina mafita? Wanda wa'adinsa bai cika ba, ya duba ranar da ke kan takardarsa da idonsa, kada ya dogara da bakin dillali. In bizar ziyarar dangi ce, wanda ya gayyace shi ya nemi ƙari ta manhajar Absher tun ba ta ƙare ba. In ciwo ya kwantar da mutum, a karɓi takardar asibiti a sanar da kamfanin da ya kai shi nan da nan.

Wanda ya riga ya wuce, maganinsa ɗaya ne, ya fita da ƙafarsa tun ba a fitar da shi ba. Ya nemi kamfaninsa ko mai gayyatarsa, su daidaita da Jawazat, watau ofishin shige da fice, a biya abin da aka yanka, ya yanki tikiti. In fasfonsa ya ɓace ko ya mutu, ya tafi ofishin jakadancin Nijeriya da ke Riyad, ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, su ke ba da takardar tafiya ta gaggawa. Kada ya ba kowa kuɗi a kan alkawarin za a mayar masa da bizar Umra igama. Mai son aiki a can, hanyarsa ya komo gida, ya sami kafili, a yi masa bizar aiki.

Akwai kuma lokutan afuwa, ya kamata dangi su riƙa kasa kunne. A 2013 Sarki Abdullahi ya ba da wa'adin gyara daga Afrilu zuwa 3 ga Nuwamba, har aka yarda wa waɗanda suka shiga da hajji ko Umra kafin Yuli 2008 su nemi kafili su zauna. A 29 ga Maris 2017 aka buɗe wata afuwa ta kwana 90, daga baya aka ƙara, wanda ya fita cikinta ba tara, ba a kuma rubuta shi cikin korarru ba, yana iya komawa ta hanyar halal. A 1 ga Muharram 1447, cikin Yuni 2025, Jawazat ta ba masu bizar ziyara da ta ƙare kwana 30 su biya su fita. Amma ku lura, ba wanda ya san ranar da wata afuwa za ta zo, kuma da an rufe ta samame ke biyowa. Wanda ya zauna jiranta, caca ya ke yi da shekarunsa.

Fatake kuma kada su ce maganar ba tasu ba ce. A ƙasar Sin, inda a ke sarin kaya a Guangzhou, dokar 2013 ta sa tarar yuwan 500 ko wace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. A Amurka wanda ya zarce da fiye da kwana 180 ya fita, an hana shi komawa shekara 3, in ya kai shekara guda, shekara 10. Falken da aka rufe wa ƙofar kasuwarsa, asararsa ta fi tara.

Saura magana da 'yan'uwana malamai, don wurinmu a ke zuwa neman istihara kafin tafiya. Mun karanta cewa hajji bai wajaba ba sai ga mai iko, cika alkawari kuwa wajibi ne ga kowa. Wanda ya karɓi biza ya ɗauki alkawarin fita ranar kaza, wanda ya karɓe ta da niyyar saɓawa ya ɗaura harami a kan yaudara. Majalisar manyan malamai ta Saudiyya ta ba da fatawa a 2024 cewa hajji ba izini bai halatta ba. Ko a zamanin da babu biza, malamai sun yi saɓani a kan mujawara, watau tarewa a Makka, har Imamu Abu Hanifa ya karhanta ta, don tsoron kada girman Ɗakin ya ragu a zuciyar mai zama. Na san halin da ƙasarmu ke ciki, ban kuwa zargi wanda tsoro ya kora daga gonarsa ba. Amma kada a gudu gara a faɗa gidan zago. In almajiri ya zo ya ce zai sayar da gona ya yi Umra, mu tambaye shi ranar komowarsa kafin mu shafa masa fatiha.

Ita tsohuwar nan na ce mata ta tara 'yan'uwansa su nemo lambar fasfonsa, a aika wa ofishinmu na Jidda don a san yana Shumaisi, kada kuma ta sayar da akuyarta ta ba wanda ya ce zai fito da shi ta bayan gida. In Allah ya komo da shi, mu tarye shi da fuska a sake, kada a yi masa gori, don tsoron gori shi ke riƙe da da yawa cikin waɗanda ke ɓoye a can. Wanda ke da ɗa ko ƙane cikin wannan hali, ya buga masa waya yau ya ce, "Komo, ba mu jiran tsaraba."

Allah ya kuɓutar da na tsare, ya ba ƙasarmu lafiya, ya kai mu Ɗakinsa ta ƙofa. Haza wassalam.

Daga wani malamin makarantar allo, Dauran.