Raddi ga masu cewa karatun jami'a a Yukren haddar Sobiyet ce kawai

Tun da yaƙi ya koro ɗalibanmu daga Yukren a 2022, wata magana ta zauna a bakin jama'a: wai jami'o'in ƙasar ba su da hanyar koyarwa tasu, abin da Mosko ta gadar musu suke maimaitawa. Malami ya yi shifta, ɗalibi ya haddace, ranar jarrabawa ya mayar masa da abinsa. Cikin masu faɗar haka akwai likitoci da malaman jami'a da nake ganin girmansu, kuma ba da ka suke magana ba. Sai dai zango guda na tarihi suka ɗauka suka yi wa sauran hukunci da shi.

A 1755 aka kafa Jami'ar Mosko. Kafin nan da shekaru masu yawa, a 1576, an buɗe makarantar ilimi mai zurfi a garin Ostroh na Yukren, sannan a 1632 babban limamin coci Petro Mohyla ya kafa kwalejinsa a Kyiv. Ya ɗauko tsarin makarantun 'yan Jesuit na Turai: ana karatu da Latin, ana hawa daga nahawu zuwa waƙa, balaga, falsafa da ilimin addini. Muhawara na cikin ginshiƙan karatun, ɗalibi zai tashi gaban jama'a ya kare ra'ayi da hujja. Daga wannan makaranta Rasha ta riƙa ɗibar malamai, irin su Feofan Prokopovich wanda ya zama na hannun daman Sarki Peter na Rasha. Ashe a wancan zamani daga Kyiv ilimi ke tafiya Mosko. A yammacin Yukren kuma, Jami'ar Chernivtsi da daular Ostiriya ta buɗe a 1875 da Jamusanci take koyarwa.

Zamanin Sobiyet ɗin ma ba salo ɗaya ba ne. A farkon shekarun 1920 rushe jami'o'in Yukren aka yi, aka mai da su cibiyoyin horar da malamai. Aka gwada koyarwa ta rukuni-rukuni, inda ɗalibai ke aiki tare a ba su maki ɗaya, har rago ya ci albarkacin mai ƙwazo. A 1932 aka soke wannan, a 1933 jami'o'i suka dawo. Daga nan ne tsarin da masu sukar suka sani ya kafu: shekara biyar a fanni guda, manhaja daga sama, darasin aƙidar Markisanci dole, manyan bincike a cibiyoyin Akademiyar Kimiyya, in ka gama gwamnati ta tura ka wurin aiki. A nan maganarsu tana kan hanya, ko da yake tsarin ya fitar da gwanayen lissafi da injiniyoyi.

Bayan 'yancin kai a 1991 aka sake lale. An farfaɗo da makarantar Mohyla, wadda aka rufe tun 1817, da digirin farko da na biyu irin na Yamma. A 2005 Yukren ta shiga yarjejeniyar Bologna, wadda ke auna karatu da yawan aikin da ɗalibi ya yi, har da wanda ya yi shi kaɗai a ɗakin karatu. Daga 2008 shiga jami'a ya koma ta jarrabawar ƙasa da wata hukuma ta daban ke shiryawa, don toshe ƙofar cin hanci wajen ba da gurbi. Dokar 2014 ta ba jami'o'i ikon tsara manhajarsu, ta rage sa'o'in koyarwa na malami daga 900 zuwa 600 a shekara don ya samu sukunin bincike, ta kuma ba ɗalibi damar zaɓar aƙalla kashi 25 cikin 100 na darussansa. Ɗalibin likitanci kuwa sai ya haye jarrabawar Krok, wadda wata cibiya a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ke shiryawa, malaminsa ba shi da ta cewa a sakamakon.

Doka daban, aji daban, wannan gaskiya ne. Har yanzu akwai malamai masu shifta, kuma 'yan Yukren da kansu suna kuka da satar rubutun wasu da sayen maki. Hukumar likitoci ta Nijeriya ma ta yi daidai da ta ƙi amincewa a 2022 da karatun likitanci da aka kammala ta intanet, domin ba a koyon duba majiyyaci ta kwamfuta. Amma yaƙi ne ya jawo wannan, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Don haka in yaro ya kawo takardar Yukren, adalci shi ne a tambayi jami'ar da ya yi, da shekarar da ya gama, da asibitin da ya koyi aiki, da sakamakonsa na Krok, sannan a zaunar da shi a gwada abin da ya iya.