Keren-haffuk: Sunan da Ake Tsallakewa

Idan aka haifi 'ya mace a gidan masu bi, a Kwandiko ko wani ƙauye na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kafin ranar suna iyaye sukan buɗe Littafi Mai Tsarki su yi ta nema. Wanda ya kai ƙarshen Littafin Ayuba, sura 42, zai tarar da 'yan mata uku. Yemima da Keziya muna jin su a majami'unmu. Ta ukun fa, Keren-haffuk? Sai a ce ya yi wa harshe nauyi, a wuce.

Ga shi kuwa babu sunan da ya fi shi kusa da ɗakin uwargida. Da Ibrananci "keren" ƙaho ne, "fuk" kuma shi ne kwalli. Matan zamanin dā a ƙaramin ƙaho suke ajiye tozalinsu, kamar yadda iyayenmu mata suke sayen tandu wurin ɗan koli ran kasuwa. Wato Ayuba ya dubi 'yar autarsa ya kira ta "tandun kwalli", abin da ke ƙawata ido. Wani zai ce ai da kwallin nan Yezebel ta yi ado. Haka ne, amma laifin ba na kwalli ba ne.

Ku lura da wanda ya raɗa sunan: mutum ne da ya rasa 'ya'ya 10 rana ɗaya. Da Allah ya mayar masa da maza 7 da mata 3, ba a rubuta sunan namiji ko guda ba, sai na matan. Ya kuma ba su gādo tare da 'yan'uwansu maza, alhali a shari'ar Musa 'ya mace tana cin gādo ne idan babu ɗa namiji. Maigidan da ya zaɓi wannan suna, sai ya tuna da shi ranar da zai raba gona.

Sunan bai taɓa yawa ba. A Amurka akwai mutum-mutumin wata Kerenhappuch Turner, wadda aka ce ta yi doguwar tafiya a kan doki don jinyar ɗanta da aka yi wa rauni a yaƙin Guilford a 1781. A Isra'ila kuwa rabin farko suka ɗauka, Keren, wanda kuma yake nufin tsirkiyar haske. Wannan kam ko kaka mai wawulo za ta iya kiransa daga bakin murhu.