Birtaniya: inda ɗan shekara 16 ke tuƙa jirgin sama kafin ya kai ga tuƙin mota

A Birtaniya doka ba ta ba matashi izinin tuƙin mota sai ya cika shekara 17. Amma akwai ƴan shekara 16 da ake barinsu su tashi da jirgin sama su kaɗai, su kewaya fili su sauka, malaminsu na tsaye a ƙasa yana kallo. Da yawansu ta hanyar wata ƙungiyar matasa suka kai ga haka, wadda rundunar sojan saman ƙasar, RAF, ke ɗaukar nauyinta.

Sunan ƙungiyar Air Training Corps. An kafa ta ranar 5 ga Fabrairu 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, don a shirya samarin da za su shiga sojan sama. Yau manufar ta sauya: ba a tilasta wa kowa zama soja, kuma tun shekarun 1980 ana karɓar ƴan mata. Ana shiga daga shekara 12, a fita idan an kai 20. Kada mai karatu ya ɗauka irin makarantar Prytanée ta Yamai ce, inda yara ke kwana suna karatu. A nan yaro yana gidan iyayensa, yana zuwa makarantarsa, sai da maraice, galibi sau biyu a mako, ya sa kaki ya je reshen unguwarsu. Kakin kyauta ne, shiga jirgin ma haka; iyaye ɗan kuɗin ƙungiya kawai suke biya.

Jirage iri biyu ne. Na farko Grob Tutor, ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da kujera biyu gefe da gefe. Matashi yana zama kusa da ƙwararren matuƙi na kimanin rabin awa, a bar shi ya riƙe sandar tuƙi, idan kuma yana da zuciya a yi masa alkafura a sararin sama. Wannan ɗanɗano ne kawai.

Ainihin koyon yana cikin na biyu, Viking, jirgin da ba shi da inji ko kaɗan. Faɗin fikafikansa ya kai mita 17 da rabi. Ana ɗaura masa doguwar igiya, wani inji da ke can ƙarshen fili ya naɗe ta da ƙarfi, jirgin ya miƙe sama har kimanin mita 300, sannan matuƙi ya saki igiyar. Daga nan sai dabara. A iska mai natsuwa, duk mita ɗaya da jirgin ya sauko yana cin fiye da mita 30 a gaba. Wanda ya taɓa lura da shirwa ko ungulu da tsakar rana, suna kewaya suna ƙara nisa ba tare da kaɗa fiffike ba, ya riga ya ga sirrin: ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta tana hawa, ita ce ke ɗaga su. Matuƙin da ya samu irin wannan iska sai ya daɗe a sama. Wanda bai samu ba, cikin minti biyar ko shida ya dawo ƙasa, kuma dole saukarsa ta yi daidai tun karon farko, tunda babu injin da zai sake ɗaga shi.

Shi ya sa ranar filin jirgi ta fi kama da gayya. Sai an samu masu tura jirgi, mai riƙe bakin fiffike ya bi shi da gudu, mai ɗaura igiya, mai ba da alama. Yaro yakan wuni yana wannan aiki don tashi biyu ko uku. Malaman ma akasari ƴan sa-kai ne, masu ba da Asabar da Lahadinsu.

Sai dai abin yana da haɗari, kuma damar ta ragu. A Fabrairu 2009 jiragen Tutor biyu sun yi karo kusa da Porthcawl, ƴan mata biyu da matuƙa biyu suka rasu. A watan Yuni na shekarar wani Tutor ya ci karo da jirgi marar inji, yaro da matuƙinsa suka mutu. Bayan nan aka sa wa jiragen na'urar gargaɗin karo.

A Afrilu 2014 kuma aka dakatar da tashin jiragen marasa inji gaba ɗaya, saboda an kasa tabbatar da ingancin gyaran da ake musu. Matakin daidai ne, don ba a caca da ran ɗan wani, amma dakatarwar ta ja shekaru, yara da dama suka girma suka bar ƙungiyar ba su taɓa shiga Viking ba. A 2016 gwamnati ta sanar da rufe cibiyoyin koyarwa 14, a 2018 aka jingine jirgin Vigilant, wanda shi yana da ƙaramin inji. Cibiyoyin da suka rage, har da babbar makarantar da ke sansanin Syerston, sun yi wa yara dubbai kaɗan, kuma wanda garinsu ke nesa sai ya jira layi ya zo kansa.