Fataken Santa Fe: Yadda Ruwa Da Ciyawa Suka Juya Kasuwancin Kan Iyaka A Tsohuwar Amurka

Idan aka ambaci Amurka a rumfunan kasuwa, abin da ke fara zuwa ran jama'a shi ne dala da dogayen benaye da motocin da ake saukewa a tashar Kwatano. To amma shekaru ɗari biyu da suka wuce, yammacin ƙasar fili ne fetal, kuma fataken da ke ratsa shi ba su da iko da ranar tashi ko hanyar da za su bi. Ruwa da ciyawa ne ke yanke musu hukunci.

Labarin ya faro ne a 1821, shekarar da Meziko ta ƙwaci 'yancinta daga hannun Sifen. Kafin lokacin, duk Ba'amurken da ya kai kaya garin Santa Fe, wanda a wancan zamani yake cikin ƙasar Meziko, yana iya ƙarewa a kurkuku. Wani mutumin jihar Misuri da bashi ya yi wa katutu, mai suna William Becknell, shi ne ya fara gwada sa'arsa. Ya isa Santa Fe a watan Nuwamba da 'yan kaya a bayan dabbobi, ya koma gida da azurfa. Da shekara ta zagayo sai ya dawo da amalanke uku. Daga nan hanyar ta buɗe, mai tsawon kusan kilomita 1,400, ana kai yadi da wuƙaƙe da allurai da kayan ƙarfe, ana komowa da azurfa da alfadarai.

Ko da kaya sun haɗu tun cikin sanyi, ayari ba ya tashi sai wajen watan Mayu, lokacin da sabuwar ciyawa ta yi tsawon da shanu da alfadarai za su ƙoshi. Babu mai iya ɗaukar harawar tafiyar wata biyu. Wanda ya yi gaggawa dabbobinsa su rame a hanya, wanda kuma ya makara wajen komowa ƙanƙara ta rutsa da shi a filin da babu ko bishiyar fakewa.

Zangon farko mai muhimmanci shi ne Council Grove, a jihar Kansas ta yau. Nan ne kurmi na ƙarshe mai itace mai ƙwari, don haka kowa sai ya sari gungume ya ɗaure a ƙarƙashin amalankensa, saboda idan gindin ƙafa ya karye a gaba babu inda za a samu na gyara. A nan ne kuma ake zaɓen madugu, a raba masu gadin dare. Daga wannan wuri itacen girki ma ya yi ƙaranci, sau da yawa sai busasshen kashin ɓauna ake tsinta a hura wuta.

Inda maganar take shi ne bakin kogin Arkansas, wanda a lokacin shi ne iyakar ƙasashen biyu. A nan hanya ta rabu. Ta tsaunuka tana da ruwa, sai dai mashigar Raton duwatsu ne masu farfasa amalanke. Ɗayar kuma, ta Cimarron, ta fi kusa da kimanin kilomita 160, amma sai an yi tafiyar kusan kilomita 90 ba a ga ɗigon ruwa ba. Ga amalanken da ke cin kilomita 20 zuwa 25 a yini, mai karatu sai ya yi lissafi da kansa. Idan an isa Cimarron ɗin ma, galibi rairayi ne busasshe, sai an tona kafin ruwa ya tsattsafo. Duk wanda ya san Gulbin Maraɗi da rani ya san irin kogin da muke nufi.

Duk da haka mafi yawan fatake ta nan suke bi, domin kwanakin da aka rage kuɗi ne. Wasu sun biya da rayukansu. A 1831 Jedediah Smith, wanda ya yi suna wajen sanin dajin yamma, ya bar ayarinsa ya tafi neman ruwa, bai dawo ba. Daga baya aka ji cewa mutanen ƙabilar Komanci ne suka kashe shi kusa da kogin. Josiah Gregg, falken da ya buga littafi kan wannan fatauci a 1844, ya ba da labarin wani ayari na farko da ƙishirwa ta kai su ga yanke kunnuwan alfadarai suna shan jinin, har sai da suka harbe wata ɓauna da ta fito daga shan ruwa suka sha abin da ke cikin tumbinta.

Bayan an tsira daga daji, sai jami'an duwan, wato kwastan. A 1839 gwamnan yankin, Manuel Armijo, ya sa harajin dala 500 a kan kowane amalanke, babba ne ko ƙarami, ko me ya ɗauko. Ba sai mun gaya wa masu karatunmu abin da ya biyo baya ba. Fatake suka koma sayen manyan amalanke, kuma idan an kusa gari sai a juye kayan biyu ko uku cikin ɗaya. A ganinmu gwamnan bai taɓa zama da ɗan kasuwa ba.

Akwai waɗanda asarar ta faɗa kansu ba tare da sun ga riba ba. Ƙabilun Komanci da Kiyowa da Shayen, masu ƙasar tun asali, a kwarin koguna suke fakewa da dawakansu lokacin sanyi, haka ma ɓaunar da suke rayuwa a kanta. Dubban dabbobin ayari suka riƙa cinye ciyawar wuraren, matafiya kuma suna sare 'yan itatuwan bakin ruwa. Da fari ya zo a tsakiyar shekarun 1850, ɓauna ta ragu, yunwa ta shiga. Hare-haren da finafinan kaboyi ke nuna mana kamar mugunta ce kawai, da yawansu rikici ne a kan makiyaya da mashaya.

Iyakar kanta ta tashi bayan yaƙin 1846 zuwa 1848, inda Amurka ta haɗiye Santa Fe da kewayenta, harajin Armijo ya bi ruwa. Ayari dai ya ci gaba da jiran ciyawar Mayu har zuwa 1880, shekarar da jirgin ƙasa ya iso garin ta mashigar Raton, hanyar nan mai duwatsu da masu amalanke suka daɗe suna gudu. Har yau a wasu filayen Kansas ana ganin sawun ƙafafun amalanken kwance cikin ciyawa.