Ko Kun Sani? Alamar # ba Twitter ne ya ƙirƙiro ta ba

Alamar nan ta # da ake liƙa wa kalma a shafukan sada zumunta ba kamfanin Twitter ne ya fito da ita ba, kuma da aka kai masa shawarar ma sai ya yi biris. Wani Ba'amurke mai amfani da dandalin, Chris Messina, shi ya wallafa ta ranar 23 ga Agusta, 2007, yana neman a riƙa sa # a gaban kalma domin zance iri ɗaya ya taru wuri guda. Aro ya yi daga tsofaffin zaurukan hira na IRC, inda sunan zaure ke farawa da alamar.

Gobarar daji ce ta fito da amfaninta. A Oktoban shekarar, mutanen birnin San Diego na Amurka suka riƙa bin labarin wutar ta maudu'in #sandiegofire. Sai a 2009 Twitter ya sa ana latsa maudu'i ya buɗe duk saƙonnin da ke ɗauke da shi. Instagram ya bi sahu a 2011, Facebook kuma sai 2013.

Kwamfuta ba sai ta fahimci zancen ba, haruffa kawai take dubawa, shi ya sa manhajojin masu bincike ke iya kwaso saƙonni rututu kan maudu'i ɗaya, irin #BringBackOurGirls na 2014. Amma fa ka kuskure harafi ɗaya, saƙonka ya bar ayari.

Messina bai taɓa yin rajistar mallakar dabarar ba.